Awon taga kafin a yanka sitor: yadda muka bi tagogi tara a wani gida a Yamai

Labulen naɗi, wanda mu a nan Yamai muke kira sitor, ba ya yafe kuskuren awo yadda rido, wato labulen yadi da aka saba, yake yafewa. Rido in ya yi faɗi sai a ƙara masa tattara, in ya yi tsawo tela ya kalmasa bakinsa, shi ke nan. Sitor kuwa bututun alminiyom ne da aka yanka da zarto, sai yadi mai tauri da aka yanka da reza. In ya fi ramin taga da milimita 5 ba zai shiga ba. In ya gaza da santimita 3 fiye da yadda ya kamata, rana za ta riƙa shigowa ta gefe tana kwantawa a kan gado tun da safe. Kuma abin da aka yanke ba ya komawa.

Gidan da zan ba da misali da shi sabo ne, a unguwar Bobiyel, ginin bulo da siminti, tagogi tara. Mun je cikin watan Maris, zafi ya fara kama jiki. Ni da yaron aikina muka shiga da metir na ƙarfe mai mita 5, da nibo, wato ma'auni mai kumfa da ke nuna ko abu ya karkata, mai tsawon santimita 60, da igiya mai ɗan nauyi a ƙasa, da fensir, da salatif na takarda, da tsani, da littafin rubutu. Metir ɗin tela ba ya zuwa wannan aiki, domin yana miƙewa, yana kuma lanƙwashewa a tsakiyar taga. Wani abu game da metir na ƙarfe: ɗan ƙugiyan bakinsa da yake motsi ba lalacewa ya yi ba, haka aka ƙera shi, yana matsawa daidai kaurinsa don awo ya zo ɗaya ko an maƙala shi ko an tokare shi da bango. Na ga yara suna buga masa guduma wai su ɗaure shi. Kada a yi. Sannan metir da yawa da ake saya a Katako fuska biyu gare su, santimita a gefe ɗaya, inci a ɗaya gefen. Inci ɗaya santimita 2,54 ne. Tun kafin a fara, a tsayar da gefen da za a karanta.

Maigidan ya tarbe mu ya ce, «Malam, ai tagogin nan huɗu duk ɗaya ne, santimita 120 a kan 140 na ce wa mason. Ku auna guda ku ninka, kada ku wahala.» Na ce, «Alhaji, ku yi haƙuri. Mai alminiyom ya yi muku firam iri ɗaya, amma yaɓen da ya zagaye shi hannu ne ya yi, kuma hannu ba ya maimaita kansa.» Cikin tagogi huɗun da ya ce ɗaya ne, babu biyu da suka zo daidai. Tsakanin babbarsu da ƙaramarsu akwai milimita 22.

Kafin metir ya taɓa bango, a kowace taga sai an yanke magana ɗaya: a cikin ramin taga za a kafa sitor ɗin, ko a kan bango ta waje ya rufe ramin gaba ɗaya? Awon biyun ba iri ɗaya ba ne, kuma wanda ya auna bai yanke wannan ba, lambobi kawai ya tara. Na cikin rami ya fi tsari a ido, ba ya cin wuri, ana kuma iya rataya rido a gabansa. Amma dole ya bar ƴar kafa a kowane gefe, haske zai bi ta nan. Na kan bango ya fi tare haske, yana kuma rufe asirin ginin da ya karkace.

Mun fara da ƙaramar tagar falo, mai kallon yamma, alminiyom mai turawa gefe, antibol, wato ƙarafan tsaro, yana ta waje. Uwargida tana son a cikin rami, don za ta sa rido daga baya. Abu na farko zurfi. Daga bakin yaɓe zuwa firam na sami milimita 85, amma makullin tagar ya turo ciki da 20, saura 65 ke nan. Bututu mai kaurin milimita 38, idan yadin mita 2 ya naɗe a kansa, yakan kai kusan milimita 50, su kuma supor, wato ƙarafan nan biyu da ke riƙe bututun a gefe da gefe, suna son wajen 60 zuwa 70. Ya shiga, amma da ƙyar. Da zurfin ya gaza 55 da sai dai mu koma kan bango.

Sai faɗi, kuma a wuri uku ake ɗaukarsa: sama, tsakiya, ƙasa. Mutane sukan lanƙwasa metir a cikin kusurwa su yi ƙiyasin inda ya tsaya. Nan ake asarar milimita 3 zuwa 4 ba a sani ba. Ni yadda nake yi, in tokare bakin metir da bangon hagu, in sa alama da fensir a daidai milimita 500, in juyo in tokare shi da bangon dama in auna zuwa alamar, sai in haɗa biyun. Ko kuma a tokare gidan metir ɗin kansa da bango a ƙara tsawonsa, ana rubuta shi a gindinsa. Sama ya ba mu milimita 1204, tsakiya 1198, ƙasa 1191. Da ido tagar nan tsaf take. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan bai ga milimita 13 ba. Ƙaramin awo ake ɗauka, 1191, don abin da ya wuce ta wurin da ya fi matsewa zai wuce ko'ina.

Tsawo ma wuri uku: hagu 1402, tsakiya 1398, dama 1395. A nan sitor yana da sauƙin kai, domin abin da ya yi saura yana zama a naɗe a kan bututu, ba a ganinsa. Saboda haka babban nake ɗauka, 1402, kuma mai yanka zai ƙara wa yadin santimita 20 zuwa 30 don ko an sauke shi har ƙasa a sami zagaye biyu da suka rage a kan bututun. Idan babu wannan ƙari, nauyin yadin duka yana rataya ne a kan gam ɗin da ya manne shi, kuma gam a zafin Afrilu na Yamai, bayan gilas, ba ya daɗewa. Wata rana za a ja sarƙar da ake naɗe shi da ita a ga yadi a ƙasa.

Daga nan kusurwa zuwa kusurwa, a gicciye. Ɗaya ta ba da 1838, ɗayar 1851. Idan rami daidai yake, biyun ɗaya za su zo. Bambancin 13 a taga mai wannan girma yana nufin gefunan sun kwanta da kusan santimita ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Yadi shi kuwa a tsaye yake sauka, bai san bango ya karkata ba. Sai na saki igiya daga inda bakin yadin zai kasance, na duba ko zai goga bango a ƙasa. Ya bar milimita 6 a gefen da ya fi matsi. Ya isa. Da bambancin ya kai santimita 2 da ban yarda a sa shi cikin rami ba, ko da an roƙe ni, don gefen yadi in ya riƙa goga yaɓe yana fara fitar da zare cikin ƴan watanni.

Yanzu ga wurin da aka fi yin asarar kuɗi, kuma ba a taga ake yinta ba, a bakin mutane ake yi. Sitor ɗaya faɗi uku gare shi. Akwai faɗin rami, bango zuwa bango. Akwai faɗin sitor dukansa, daga bayan supor zuwa bayan supor. Akwai faɗin yadi kaɗai. A tagar nan rami 1191 ne. An cire milimita 10, biyar a kowane gefe, don a sami wurin motsi, sitor dukansa ya zama 1181. Kan sarƙa yana cin kusan 20, ɗaya gefen kusan 13, don haka yadin ya tsaya a 1148. Waɗannan lambobi biyu na ƙarshe sukan ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, sai a auna irin kayan da za a sa, amma jimlarsu ba ta cika wuce 30 zuwa 35 ba. To idan mai awo ya cire nasa 10, ya aika da 1181 bai faɗi ko awon mene ne ba, mai yanka zai ɗauka rami ne ya sake cire nasa. Idan kuma ya ɗauka faɗin yadi ne, zai yanka yadi 1181, sitor dukansa ya zama 1214, ba zai shiga ramin 1191 ba ko da addu'a. Shi ya sa a littafina kowace lamba tana da kalma a gabanta: rami, duka, ko yadi. Kuma nakan tambayi mai yanka kai tsaye, «Kai za ka cire ko ni?» Mutum ɗaya ne zai cire.

Na nuna wa uwargida da yatsa inda bakin yadin zai tsaya, don ta san a sama, inda ramin ya fi faɗi, za a ga kafa ta kusan santimita 3 a kowane gefe. Gara ta gani a bango yau da ta gani bayan an kafa.

Babbar tagar falo faɗinta 2930. Alhaji yana son sitor guda ɗaya. Ban ba da wannan shawara ba. Bututu mai 38 idan ya wuce mita 2 da kaɗan yana fara sunkuyawa a tsakiya, sai ka ga yadin ya yi tamoji masu gangarowa daga gefe zuwa tsakiya, kuma guga ba ta fitar da su, domin laifin bututu ne. Ana iya sa mai kauri, 45 ko 50, amma sai nauyi ya ƙaru, jan sarƙa ya zama aiki, sannan yadin kansa a bandir yake zuwa, yawanci faɗin mita 2, ko 2,5, ko 3, ba kowane launi ake samu a mafi faɗin ba. Muka raba biyu. Inda aka raba shi ne abin lura: ba a tsakiyar rami ake rabawa ba, a kan ƙarfen firam da ya raba gilasan ake yi, don tsakanin yaduka biyun za a sami kafa ta kusan santimita 3, kuma ƙarfen ne zai rufe ta. A wannan taga ƙarfen bai zauna tsakiya ba: 1452 daga hagu, 1478 daga dama. Don haka sitor biyun ba girma ɗaya ba ne, kowanne da layinsa a littafi. Sarƙoƙi a gefunan waje, ɗaya hagu ɗaya dama, in ba haka ba kafar tsakiya ta ƙaru.

A nan muka tsaya kan irin yadi, don yana shafar awo. Tagogin yamma su ne masu cin wuta daga azahar zuwa faɗuwar rana. Akwai yadi mai ƴan huji da ake gani ta cikinsa, ana sayar da shi da lamba, kashi 1, 3, 5 ko 10 cikin ɗari, wato yawan hujin. Da rana yana da daɗi, kana ganin tsakar gida, na waje ba ya ganinka. Amma da dare, da an kunna fitila, abin juyawa yake yi: na waje ne ke ganin na ciki. A gidan da ke da iyali, tagar da ke kallon titi ko zaure, wannan magana ce ta sutura, kuma wajibi ne mai awo ya faɗa tun kafin a saya. Sai gaskiya ta biyu: sitor na cikin ɗaki yana tare hasken da ke kashe ido, yana rage zafi, amma zafin da ya riga ya ratso gilas ya shigo. Yadi mai farin baya ya fi mayar da shi waje, baƙi yana sha ya saki a ɗaki. Rumfa ko itace a waje sun fi kowane yadi. Kada kuma a raina tagar arewa. Yamai tana kusan digiri 13 da rabi ne arewa da tsakiyar duniya, don haka daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana takan koma ta arewacin kanmu, bangon da ya yini a inuwa lokacin hunturu sai ya fara shan rana.

Ɗakin barcin maigida yana kallon gabas, ana son duhu sosai. Yadi mai tare haske duka, kuma a kan bango. A nan lissafin juyawa yake yi: ba ragewa ake yi ba, ƙarawa ake yi, kuma da yadi ake lissafi, ba da supor ba. Rami 1003 a kan 1205. Ina so yadin ya haye bango da santimita 10 a kowane gefe, ya zama 1203, sitor dukansa 1236. Santimita 5 ma tana yi a falo, amma don duhu ba ta isa, saboda yadin ba ya manne da bango, akwai ƴar tazara a bayansa, haske yana zagayowa. Sai dai a dama akwai kabad ɗin kaya da aka gina, santimita 9 kacal daga bakin rami. Dole na rage na dama zuwa 7, na kai sarƙa hagu inda akwai fili. Yadi ya koma 1173. A sama na hau da santimita 15, a ƙasa na sauka da 10, tsawo 1455.

Kafin in yarda da 15 ɗin nan sai da na ƙwanƙwasa bangon. A saman taga akwai linto, kankare mai rodi a ciki, sama da shi kuma bulo mai rami. Linto yana riƙe bis, wato ƙusar da ake murɗawa, da kyau, amma in bakin injin huda ya ci karo da rodi sai a matsa, kuma matsawar supor ɗaya da milimita 5 ta isa ta karkatar da sitor. Bulo mai rami kuma yana son shebi, wato ɗan robar da ake cusawa a huji don bis ya kama, irin mai buɗewa a ciki. Na kuma duba layin wuta: akwai soket na kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, a saman tagar ta hagu, waya tana hawa a tsaye daga makunni, don haka na sa alamar kada a huda a wannan layi. Tiyon kilim ɗin ma na auna nisansa. A gidajen laka abin daban ne, shebi ba ya kamawa ko kaɗan, sai an fara kafa katako mai kaurin santimita 2 a saman taga a ɗaure supor a jikinsa, kuma kaurin katakon yana shiga lissafi. Silin na filawud ko na farar ƙasa ma ba ya ɗaukar sitor sai an nemo katakon da ke bayansa.

Tagar kicin ita ce ta sa na karya dokar ɗaukar ƙaramin awo. Karo, wato tayil ɗin da ake manna wa bango, ya hau har rabin tagar, ya shiga cikin ramin. Sama, inda babu karo, 900. Ƙasa 876, karo da simintinsa sun ci 12 a kowane gefe. In na bi doka na ɗauki 876, sitor zai shiga, amma a sama za a bar kafa mai muni ba dalili. Supor a sama suke zama, inda yake 900. Abin da ke sauka ƙasa yadi ne da sandarsa da sarƙa. Sai na cire 16 maimakon 10, na tura ragin wajen sarƙa don kada ta riƙa bugun bakin karo. Duka 884, yadi 851, ya wuce tsakanin karo da sarari. Irin wannan sai wanda ya tabbatar da ma'aunin kayansa. Wanda bai tabbata ba ya ɗauki ƙaramin, ya fi masa aminci. A kicin yadi mai rufin roba muka zaɓa, wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, kuma na tabbatar murhun gas ba ya ƙarƙashin tagar.

Ɗakin baƙi nako gare shi, gilasan nan jere da ake buɗewa da ɗan hannu. Nako a buɗe ake auna shi, ba a rufe ba. Gilas mai faɗin santimita 15 a tsakiyarsa yake juyawa, rabinsa yana shigowa ɗaki, ga kuma hannun da ke gefe. A rufe na sami zurfin 90, a buɗe saura 25. Babu maganar cikin rami. A kan bango muka sa shi. Da a ce gilasan sun wuce bakin yaɓe, da sai a juya naɗin. Domin naɗi iri biyu ne: wanda yadi ke saukowa ta bayan bututu, kusa da bango, shi ne ya fi tare haske; da wanda ke saukowa ta gaba, yana ba da ƙarin sarari na kusan santimita 4 zuwa 5 don kauce wa mariƙi ko ragar sauro da aka kafa ta ciki. Wannan ma rubuta shi ake yi, tun a wurin awo.

Ɗakin yara tagarsa ƙyaure biyu ce masu buɗowa ciki. A irin wannan, sitor idan ya naɗe duka dole ya tsaya sama da inda ƙyauren ke wucewa, in ba haka ba an rufe tagar har abada. Supor da naɗaɗɗen yadi suna cin kusan santimita 7, sandar ƙasa tana rataye da wasu 3, goma ke nan, na ƙara 2 na sarari. Na buɗe ƙyauren, na auna daga samansa, ba daga bakin rami ba. Zuwa silin akwai 19, ya isa.

A wannan ɗaki ba na sassauci kan sarƙa. Zobe ce rufaffiya, tana iya shaƙe yaro, kuma cikin ɗan lokaci ba tare da ƙara ba. Ƙa'idar da ake bi a Turai ita ce ƙasan sarƙar ya tsaya aƙalla santimita 150 daga daɓe, a kuma ɗaure ta a bango da ɗan maƙalin da ke zuwa cikin kwalin, ta zauna a miƙe. Na auna daga inda bututu zai zauna, 2310 daga daɓe, na cire 1500, saukar sarƙa 810. Na roƙi uwargida kada a jingina gado ko kujera a ƙarƙashin wannan taga. Maƙalin nan ƙaramin roba ne, masu kafawa da yawa suna jefar da shi tare da kwali. A tambaye shi.

Sauran biyu ba su ba da wahala ba, sai ta banɗaki wadda ban auna ba sam, domin mai karo bai gama ba. Ba a awon sitor sai yaɓe da karo da firam da ragar sauro duk sun zauna.

Kowace taga mun manna mata salatif a gefe da lamba, lambar nan ce a littafi. Faɗi ake fara rubutawa, sannan tsawo, kullum, kuma da milimita, don babu waƙafi da zai ɓace: 119,1 in alƙalami bai kama ba sai ta zama wani abu. Hagu da dama kuwa na mutumin da ke tsaye cikin ɗaki yana kallon taga ne. Layin tagar farko ya fito haka: falo ƙarama, cikin rami, duka 1181, tsawo 1402, sarƙa dama, naɗi ta baya, bis a sama. Da muka gama sai muka sake zagayawa, wannan karon yaron ne ke riƙe da metir yana faɗa, ni ina duba littafi. Ya ce, «Malam, ta baƙi 1068 nake gani, ba 1086 ba.» Shi ne da gaskiya, lambobi biyu sun yi musanya a rubutu. Don haka ba na aika awo da saƙon murya a WhatsApp, hoton shafin nake ɗauka, in sa mai yanka ya karanto mini. Kuɗi da murabba'in mita ake lissafawa, faɗi sau tsawo, kuma masu sayarwa da yawa suna cajin ƙaramar taga a matsayin mita ɗaya cif; a tambaya tun farko.

Ranar kafawa ce ke nuna ko awo ya yi. Bakin huda mai milimita 6, shebi mai 6, bis 4 a kan 40, kuma a nisanci gefen yaɓe da santimita 4 ko 5 don kada ya ɓalle. Nibo ake bi, ba layin taga ba, ba kuma layin silin ba. A ƙaramar tagar falo saman ramin ya gangara da milimita 5, sai na sa ƴan fayafayan ƙarfe biyu masu huji a tsakiya a ƙarƙashin supor ɗaya har kumfar nibo ta zauna tsakiya. Na tagogi takwas ɗin duka sun shiga. Ɗaya daga cikin na babbar taga ya riƙa gudu hagu idan ana naɗe shi, yadin yana matsawa wajen supor kaɗan-kaɗan. In an bar shi haka gefensa zai cinye. Na sake ɗora nibo, daidai yake, saura gyaran bututu. Na sauke yadin har bututu ya bayyana, na manna guntun salatif mai tsawon santimita 3 a ƙarshen bututun ta dama, wato gefen da yadin ke gudu daga gare shi, domin yadi yana bin inda ya fi kauri. Guda ɗaya ya rage gudun, na ɗora na biyu a kansa, na hau da shi na sauke sau biyar, ya tsaya a layi. Na gaya wa uwargida lokacin hunturu a riƙa kaɗe ƙura daga kan sarƙa da busasshen buroshi, kada a zuba masa mai, don mai da ƙura in sun haɗu laka suke zama a ciki. Tagar banɗaki kuma muka sa ranar dawowa bayan mai karo ya tashi.